Ɗiyar da ke lasar gishiri

A taron asusunmu, wata ƴar'uwa ta kawo kukan ɗiyarta: kullum gajiya, ƙafafu na ɗaurewa, ƙishirwa, fitsarin dare, ga lasar gishiri. Wasu suka ce iska ce. Muka ba ta rance daga kuɗin taimako, ta kai ta babban asibiti. Bayan awon jini da na fitsari, likita ya ce ciwon Gitelman ne, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1966.

Ciwon gado ne, ba safai ake ganinsa ba. Ƙoda ce ke zubar da gishiri da sinadaran fotasiyam da maganiziyam cikin fitsari. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa ga ɗa, shi ya sa auren zumunci ke ƙara haɗarin.

Abin da ya ba mu mamaki: mai hawan jini ana hana shi gishiri, ita kuwa an ce ta ci. Dabino, ayaba, dankali, wake da zogale suna ba da fotasiyam. Gujiya, riɗi da gero suna ba da maganiziyam.

Amma ƴan'uwa, abinci taimako ne kawai, ba ya maye gurbin ƙwayoyin likita. Kanwa ba fotasiyam ba ce. A guji jiƙe-jiƙen wankin ciki da masu sa fitsari. In zawo, amai ko faɗuwar gaba suka zo, a garzaya asibiti, don zuciya na iya rikicewa.

Yau yarinyar ta koma makaranta, uwar tana biyan rancenta mako-mako.