Kayan Aikin Hannu Masu Araha: Inda Sayensu Ke Da Riba Da Inda Yake Jawo Hasara

KWALI, Abuja: Magidancin da ƙyauren ɗakinsa ya saki, ko famfon gidansa ya fara yoyo, yakan tarar da sifana ko sukundireba iri biyu a gaban ɗan tireda: ɗaya mai araha, galibi ƙirar ƙasar Sin, ɗaya kuma mai suna wadda kuɗinta ya ninka na ta farkon. Tambayar da ke gabansa, wadda kuma ta shafi ɗan kasuwar da ke saro kayan, ita ce ko ya dace a zuba kuɗi mai yawa a kan abin da ba za a ɗauko shi ba sai sau biyu ko uku a shekara.

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda kusan dukkan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su. Hanyar Abuja zuwa Lokoja da ta ratsa Kwali ita ce dai ake bi zuwa Ajaokuta, inda aka fara aikin kamfanin mulmula ƙarfe tun 1979, amma bai kai ga narka tama ya fitar da ƙarfen da ƙasa ta sa rai ba. Saboda haka farashin guduma da filaya yana bin darajar Naira sau da ƙafa. Haka ya faru bayan da aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba na 1986, haka kuma ya sake faruwa bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na 2023, lokacin da Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da Naira 1,500 a farkon 2024. Duk sa'ad da hakan ta faru, masu saye kan koma wa mai araha, 'yan kasuwa kuma su bi su.

A lissafin tattalin arziki, farashin da ke kan kaya ba shi ne tsadarsa ba. Abin dubawa shi ne nawa kowane aiki ya ci. A ɗauka, a matsayin misali, guduma ɗaya Naira 3,000 ce, wata kuma Naira 15,000. Idan mai gida sau uku yake kafa ƙusa a shekara, kuma mai arahar za ta kai shi shekara biyar, to kowane aiki ya ci Naira 200 ke nan. Mai tsadar sai ta shekara 25 kafin ta sauko wannan matsayi, alhali ragowar Naira 12,000 tana iya juyawa a wata sana'a. Sannan kayan gida ba lalacewa ce ta fi cin su ba. Aro ne da ɓata. Gudumar da maƙwabci ya ara bai dawo da ita ba, ingancinta bai amfani mai ita da komai ba.

Ta wannan fuska, guduma, tef ɗin awo, shebur da burushin fenti masu araha sun wadatar da gidan da ba ya yawan aiki da su. Idan sun lalace, kuɗinsu kaɗai aka rasa.

Lissafin yana juyewa ne a inda lalacewar kayan aiki ke jawo wata ɓarnar da ta fi kuɗinsa. Sifana da sukundireba su ne babban misali. Ingancinsu ya dogara ne a kan yawan sinadarin kabon da ke cikin ƙarfen da kuma yadda aka gasa shi: a zafafa shi har ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwa ko mai, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi saurin karyewa. Wannan mataki yana cin kuɗi, kuma shi ne masu ƙera na araha suka fi taƙaitawa. Sifanar da ƙarfenta ya yi laushi bakinta kan buɗe, ta zame ta cinye gefen noti. Daga nan notin janareto ko na babur da aikin minti biyar zai kwance shi sai an kira makanike ko mai walda. Kuɗin da aka rage wajen saye sai ya fita ninki a wajen gyara.

Akwai kuma kayan da ba a yin ciniki da su a kan araha ko kaɗan, domin jikin mutum ne ke biyan diyya: filaya da testa na aikin lantarki, jak ɗin ɗaga mota, da tsani. Robar da ke hannun filaya mai araha sau da yawa don riƙo aka sa ta, ba don tare wuta ba.

Matsalar mai saye ita ce ido ba ya bambance ƙarfe mai kyau da maras kyau. Dukansu suna ƙyalli, kuma rubutun da ke nuna an haɗa ƙarfen da sinadarai masu ƙara masa ƙarfi kowa na iya buga shi. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya bayyana a 1970 cewa a kasuwar da mai saye ba ya iya gane inganci, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, a hankali kuma sai maras kyau ya kore mai kyau daga kasuwa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta ɓullo da shirin tantance kayan da ake shigowa da su a 2005, amma jabu bai ƙare ba. Wanda ya fi kowa hasara shi ne wanda ya biya kuɗin mai suna aka ba shi jabu. Gara ma wanda ya sayi mai araha da saninsa.

A Kwali, wadda ta zama ƙaramar hukuma a 1996 kuma yawancin jama'arta manoman doya, dawa da masara ne, akwai wani abin lura. Adda, fartanya da gatari a nan ba kayan ɗauko-jefi-jefi ba ne; da damina kullum suna hannu. A kansu karin maganar nan ta sayen nagari mai da kuɗi gida ta fi dacewa, kuma shi ya sa addar nan mai tambarin kada, wadda asalinta ƙirar Ingila ce, ta daɗe da suna a wurin manoma. Akwai kuma hanya ta uku da lissafin shago kan manta da ita, wato maƙerin gari. Yakan ƙera adda da gatari da tsohon sifirin na mota, ƙarfen da tun asali aka yi shi don jure nauyi. Idan baki ya dakushe ko ƙota ta karye, a mayar masa ya gyara, abin da ba ya yiwuwa da sifanar da aka ƙera a wata nahiya.

Ga ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Dei-Dei ko Gwagwalada ya kawo Kwali, ma'anar wannan ita ce bai kamata ya cika shago da aji ɗaya ba. Mai araha yana saurin fita, jari ba ya kwanciya a kansa. Mai inganci yana daɗewa a kan kanta, amma shi ne kafinta, makanike da mai gyaran famfo ke nema, kuma su ne masu dawowa. A ƙaramin gari inda mai saye ya san mai sayarwa da gidansu, ɗan tiredan da ke faɗa wa abokin ciniki cewa wannan na aikin gida ne, wancan na sana'a, kuma ya yarda ya karɓi abin da ya karye a aikin farko, yana iya sa farashin da wanda ke shimfiɗa kaya a bakin titi ranar kasuwa ba zai iya sawa ba.