Tsakanin Lagdo da Dasin Hausa: Abin da Ambaliyar Binuwai ke Ci wa 'Yan Kasuwar Jimeta

YOLA — Da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, hankalin masu shaguna da rumbunan hatsi a unguwannin Jimeta da ke kusa da kogi, irin su Gwadabawa da Limawa da Rumde, yakan koma kan abu guda, wato ko hukumomin Kamaru za su buɗe ƙofofin madatsar ruwan Lagdo. Wannan batu yana daga cikin al'amuran yau da kullum da ya kamata masu shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati ko ta ƙarin girma su laƙanta, domin ya haɗa manufofin gwamnati da ilmin kimiyya wuri guda. Amma ɗan kasuwa ya fi su bukatar saninsa, saboda shi jarinsa ne ke bakin ruwa.

An gina madatsar Lagdo ne a kan Kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, kimanin kilomita 50 daga birnin Garwa. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 586, kuma injinanta na iya ba da wutar lantarki megawat 72 ga arewacin Kamaru. Tun a wancan zamani aka yi maganar Nijeriya ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin Ƙaramar Hukumar Fufore, wadda aka tsara za ta ninka Lagdo sau biyu da rabi, ta samar da megawat 300, ta kuma shayar da kimanin hekta 150,000 ta gonakin rani a jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai. Gwamnatoci na soja da na farar hula sun zo sun wuce, an yi ta nazari da alkawari, amma aikin bai tabbata ba.

Yadda ruwan ke tahowa

Madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa, jinkirta shi kawai take yi. Idan damina ta yi albarka tafkin ya kusa tumbatsa, dole injiniyoyi su rage ruwan, don kuwa fashewar madatsar ita ce babbar masifa. Matsalar ita ce lokacin da tafkin ke cika, wato Agusta zuwa Oktoba, shi ne kuma lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kogunan da ke ƙasa da madatsar suka batse. A watan Satumbar 2024 hukumar kula da yanayin koguna ta Nijeriya, NIHSA, ta ba da sanarwar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙarawa har zuwa 1,000. In aka yi lissafi, kubik mita 1,000 a daƙiƙa ya haura kubik mita miliyan 86 a yini guda.

Sai dai ba dukkan ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Jimeta ne ke fitowa daga Lagdo ba. Kogin Mayo Kebbi da Kogin Faro suna zuba cikin Binuwai ne bayan ya baro madatsar, saboda haka ba ta da iko a kansu. Daga nan Gongola ya haɗu da shi a Numan, Taraba da Donga da Katsina-Ala kuma su biyo baya. Wannan ne ya sa a watan Oktobar 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dattijai cewa kason Lagdo a ambaliyar ƙasar nan bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, ya kuma ce babu rubutacciyar yarjejeniya da ta wajabta wa Nijeriya gina Dasin Hausa. Ko da an yarda da wannan ƙiyasi a matsayin na ƙasa baki ɗaya, bai kamata a auna Yola da ma'aunin Lakwaja ba, domin Adamawa ce jihar farko da ruwan ke sauka a cikinta, kuma ita ce ke da ƙarancin lokacin kwashe kaya.

Akwai kuma ambaliyar da babu ruwanta da kogi. A ƙarshen watan Yulin 2025 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya mamaye unguwannin Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate a Yola ta Kudu, fiye da mutum 20 suka rasa rayukansu. Irin wannan magudanan ruwa da tsarin gine-gine ne maganinta, ko da kuwa an gina madatsa goma.

Lissafin asara

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙiyasta cewa ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta kuma jawo asarar kimanin Naira tiriliyan 2.6. A 2022, shekarar da aka buɗe Lagdo a tsakiyar Satumba, waɗanda suka mutu sun haura 600, Bankin Duniya kuwa ya ƙiyasta ɓarnar da aka yi a kan kimanin dala biliyan 6.7.

Ga ɗan kasuwa, asarar takan zo ne ta ƙofa uku. Ruwan yakan iso dab da girbin shinkafa da masara na fadama, don haka dilan da ya ba manomi taki da maganin feshi bashi zuwa kaka sai ya wayi gari da takardar bashi a hannu, babu buhu ko ɗaya. Na biyu, in hanya ta yanke kuɗin mota ya tashi, farashin kaya a babbar kasuwar Jimeta ya bi shi. Na uku shi ne kayan da ruwa ba ya yi wa afuwa, kamar siminti da sukari da fulawa da taki, waɗanda jiƙewar dare ɗaya ta isa ta mai da su shara. Bayan wannan akwai asarar da ba a gani, wato ribar noman rani da wutar lantarkin da Dasin Hausa za ta kawo. Madatsar Kiri da ke shayar da gonakin rake na kamfanin sukari a yankin Numan, da aikin noman rani na tafkin Geriyo da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, sun isa misalin abin da ruwan da aka sarrafa ke iya haifarwa.

Abin yi kafin damina

Tun daga 2016 akwai yarjejeniyar fahimtar juna da ta tanadi Kamaru ta riƙa sanar da Nijeriya kafin ta saki ruwa. Kazalika hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Waɗannan bayanai kyauta ne, kuma ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa karanta wa mambobinsu su kamar yadda suke bin farashin dala.

Mai rumbu a kwari zai iya rage sarin kaya daga Agusta zuwa Oktoba, ko ya kama hayar ɗakin ajiya a kan tudu tun kafin kuɗin haya ya hau. Mai ba manoma bashi zai iya sa inshorar amfanin gona ta kamfanin NAIC cikin sharuɗɗansa, ya kuma rarraba bashin tsakanin manoman fadama da na tudu. Mai ɗaukar inshorar shago kuwa ya duba takardarsa da kyau, domin inshorar gobara ba lallai ne ta haɗa da ambaliya ba sai an rubuta hakan a ciki.

Gina Dasin Hausa, da yashe kogi, da gyaran magudanai nauyi ne na gwamnati, kuma haƙƙin 'yan kasuwa ne su tambayi wakilansu nawa aka ware wa waɗannan ayyuka a kasafin kuɗin kowace shekara, nawa kuma aka saki. Kafin nan, wanda ya san lokacin da ruwa ke zuwa ya kwashe kayansa tun da sauran rana shi ne zai buɗe shago a watan Nuwamba.