Mutumin da Ake Biya Ya Yanke Igiya

Duk inda ake ɗaga kaya masu nauyi, tashar jiragen ruwa ta Apapa ce, ko tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Kaduna a 2018, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, ko kan layin bututun gas na Ajakuta zuwa Kano, akwai wani ma'aikaci da ba ya ɗaga komai. Ba ya tuƙa motar ƙugiya, ba ya ɗaure kaya. Yakan zo ne lokaci-lokaci ya duba sarƙa da igiyar waya da ƙugiya da duk abin da kaya ke rataya a jikinsa, ya ce wannan ta ci gaba da aiki, wannan kuma kwananta ya ƙare. Ma'aikata na ce masa Sufeto ko Injiniya, kuma ba kowa ke murnar ganinsa ba.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: tsumma, burushin waya, ma'aunin kauri, tef, tocila, fenti da littafin rajista. Yawancin masu sana'ar sun fara ne da ɗaurin kaya ko gyaran inji, sannan suka zauna jarrabawar ƙungiyoyi irin su LEEA ta Ingila, wadda aka kafa a 1944. A Najeriya aikin ya fi kafuwa a wajen kamfanonin mai na Fatakwal da Warri, inda ba a yarda a ɗaga kaya da abin da ba shi da takarda.

Igiyar waya ce ta fi cin lokacinsa. Yawanci tufka shida ce aka murɗa a kan zuciya guda, kowace tufka kuma tarin siraran wayoyi ce. Sai ya naɗe tsumma a hannu ya bi igiyar a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Inda tsumman ya maƙale, waya ta tsinke. Ya tsaya, ya goge giris, ya ɗan lanƙwasa wurin don tsinkakkun su ɗago kai, ya ƙirga. A ƙa'idar da injiniyoyin Amurka suka shimfiɗa wa igiyar ɗaurin kaya, in an sami wayoyi 10 tsinkakku a tazarar da tufka ke ɗauka kafin ta zagayo igiyar sau ɗaya, ko 5 a tufka guda cikin wannan tazarar, igiyar ta tashi aiki. Wannan ma mai sauƙin gani ne. Abin tsoro shi ne igiyar da ke mutuwa daga ciki, kamar yadda gara ke cinye katako ta bar ɓawonsa. Alamarta sirancewa a wuri ɗaya, ko jan gari na tsatsa da ke fitowa tsakanin tufkoki. A bakin teku iskar gishiri ce ke jawo haka. A Arewa ƙurar hunturu ke cakuɗuwa da giris, ta riƙa goge wayoyin duk lokacin da igiyar ta bi ta kan gargare.

Sarƙa kuwa awo take so. In ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, zobbanta na miƙewa su matse, har su daina juyawa a sake. Ƙarin tsawo na kashi 5 cikin 100, ko cinyewar zobe da kashi 10 na kaurinsa, ya isa a ajiye ta. Amma abin da ya fi ɓata wa sufeto rai shi ne gyaran gangan: zobe ya tsage an kai wa mai walda ya liƙe, ko an haɗa sarƙa biyu da noti. Ƙarfen sarƙar ɗaga kaya an gasa shi ne a masana'anta bisa wani zafi da aka auna, wutar walda kuwa tana kashe wannan ƙarfin, ko da aikin ya fito tsaf. Haka ƙugiyar da bakinta ya wage aka hura mata wuta aka mayar da guduma. Tsagar da ido ba ya gani kuma, akan fesa wa ƙarfen jan ruwa mai shiga kowace kafa, a goge, a bi da farar hoda, sai tsagar ta fito ja a kan fari.

Igiyar bel mai faɗi ta fi sauƙi, domin launinta na faɗin ƙarfinta: shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, ja tan 5. Rana ce maƙiyiyarta, da kaifin ƙarfe. In lambar da aka ɗinka mata ta ɓace, ta faɗi, ko jiya aka sayo ta.

Maganar da sufeto ya fi ji a rayuwarsa ita ce: "Haba Injiniya, wannan fa jiya-jiya ta ɗaga tan biyar!" Kuma gaskiya mai maganar ya faɗa. Masu ƙera kayan nan suna barin rara mai yawa: igiyar waya ta ɗaurin kaya ba ta tsinkewa sai nauyi ya kai ninki biyar na abin da aka rubuta mata, sarƙa ninki huɗu, igiyar bel a ƙa'idar Turai ninki bakwai. Shi ya sa lalataccen kaya ke ta aiki har a saba da shi. Sai dai rarar an bar ta ne saboda fizgar da direba kan yi ba da niyya ba, da kuma yanayin ɗauri. Igiya biyu da aka rataya kaya da su, in aka buɗe tsakaninsu har digiri 120, kowace ɗaya na ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya, ba rabi ba. Igiyar da tsatsa ta riga ta cinye rararta, ranar da irin wannan ɗaurin ya haɗu da fizga ɗaya, shi ke nan.

Dokar Ingila ta 1998, wadda kamfanoni da yawa a nan ke kwaikwayo, ta ce a duba kayan ɗauri da duk injin da ke ɗaga mutane kowane wata 6, sauran injuna kowane wata 12. Abin da ya tsallake akan shafa masa fentin zangon, don mai ɗaurin kaya ya gane daga nesa. Abin da ya faɗi kuwa, sufeton kirki ba ya barin wurin sai ya ga an yanke shi gunduwa-gunduwa da wutar gas. A ganina nan ne nauyin sana'ar yake. Sarƙar da aka jefa bayan sito da ranta, ba ta wata guda sai ta dawo aiki, ko ta bi 'yan gwangwan ta ɓulla a wani garejin. Ga shi kuma wanda za a yanke wa kayan shi ne ke biyan kuɗin duban. Saboda haka ne ake samun masu sa hannu a takarda daga cikin mota, ba su ko taɓa giris ba.

Takardar ma tana da iyaka. Shaida ce a kan halin da ƙarfe ke ciki ranar da aka duba shi, ba ta tuƙa inji. Ƙugiyar ginin da ta faɗo a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba 2015, ta kashe fiye da mutum 100 har da alhazan Najeriya, binciken hukumomin Saudiyya ya nuna an bar hannunta a miƙe ne cikin guguwa, saɓanin umarnin masu ƙera ta.

Sannan akwai wuraren da sufeto bai taɓa takawa ba. A garejin bakanike, inda ake ciro injin tirela da sarƙar hannu da aka rataya a ƙarfe uku, yaron shago na ƙarƙashi yana daidaita shi da kafaɗa. A can duban ya rage ga maigidan garejin: ya wanke sarƙar da kananzir, ya bi ta zobe-zobe, ya gwada ko birkin na riƙe kaya in an saki hannu, ya kuma duba ɗan marfin bakin ƙugiya, wanda galibi shi ake fara cirewa don yana hana sauri.