Ɗan Gajeren Hutu a Dubai: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani

Dubai ɗaya ce daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka kafa a shekarar 1971. A dā ƙaramin gari ne na masunta da fatake da masu nutso cikin teku neman lu'ulu'u. An sami man fetur a 1966, amma da yake ba shi da yawa, sai mahukunta suka zuba kuɗinsa wajen gina tashoshin jiragen ruwa da na sama da masaukan baƙi. Ta haka ciniki da karɓar baƙi suka zama tushen arzikin birnin. Mutanen Nijeriya da yawa sukan je can hutun kwana huɗu ko biyar, saboda haka ya kyautu kowa ya san abin da zai tarar.

Lokacin Zuwa

Birnin yana tsakanin hamada da teku ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba zafi yakan wuce digiri 40, ga gumi mai tsanani, har yawo da rana ya zama haɗari ga tsofaffi da yara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, amma a lokacin ne kuɗin masauki ya fi tsada. Tafiya daga Ikko a jirgin sama takan ɗauki wajen awa takwas, agogonsu kuma ya riga na Nijeriya da awa uku.

Wuraren Gani

Akwai Burj Khalifa, dogon benen da aka buɗe a 2010, mai tsawon mita 828. Akwai Palm Jumeirah, watau tsibirin da aka cike teku aka gina da siffar bishiyar dabino. Wanda yake son ganin tsohon gari sai ya haye mashigin ruwa a kwalekwalen da suke kira abra, ya shiga kasuwar zinariya da ta kayan yaji a unguwar Deira. Da la'asar kuma akan kai baƙi cikin tuddan rairayi a mota, su hau raƙuma. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya fara aiki a 2009, ya fi tasi araha.

Sha'anin Kuɗi

Sunan kuɗinsu dirhami, an kuwa ɗaure darajarsa da dalar Amurka, dirhami 3.67 a dala ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, duk sa'ad da naira ta faɗi, hutun ya ƙara tsada. Lalle ne mutum ya biya masauki da tikitin dawowa tun kafin ya tashi, ya kuma ware kuɗin ko-ta-kwana, gama kantunan birnin an shirya su ne don su yashe aljihun baƙo.

Kiyaye Doka

Nan ne mutane suka fi shiga wahala. Bizar ziyara ba ta ba mutum izinin yin aiki ba, wanda ya wuce wa'adinsa kuwa za a ci shi tarar kowace rana. Magunguna irin su tiramadol da kodin ba a shiga da su sai da takardar likita da izinin hukuma, in ba haka ba mutum yana iya ƙarewa a gidan yari. Kada matafiyi ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba, ko da daga ɗan'uwa ne. Ɗaukar hoton mutane ba da yardarsu ba laifi ne, haka nan bara, da zagi, da maye a bainar jama'a.

Wanda fasfonsa ya ɓata, ko aka kama shi, sai ya hanzarta sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Dubai, ko babban ofishin da ke Abu Dabi. A tuna, laifin mutum ɗaya yakan jawo wa dubban 'yan ƙasarsa wahalar samun biza. Baƙon da ya kiyaye dokar masu gida ya tsare mutuncinsa da na ƙasarsa.