Ba Kowane "Dokta" Ake Miƙa Wa Jiki Ba

Ni kaina "Dokta" ake kira na, alhali digirina a kan kimiyyar harshe ne, ko ƙurji ban isa in tsaga ba. Na faɗi haka ne domin mai karatu ya gane cewa laƙabi daban, ƙwarewa daban, musamman yanzu da tallar tiyatar gyaran jiki ta cika Instagram da TikTok.

Kalmar "filastik" da Turawa ke liƙa wa wannan tiyata ba roba take nufi ba. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta siffantawa, kamar yadda magini ke sarrafa yumɓu. Aikin kuwa ya wuce kwalliya. Shi ake yi wa wanda ya ƙone, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, da yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, waɗanda aka buɗe wa asibiti a Sakkwato a 1999.

To, yaya ake gane mai wannan ƙwarewa? A Amurka, lasisin aikin likita kaɗai kan ba mutum damar yin tiyatar kwalliya, shi ya sa ake tambayar shaidar hukuma. Hukumar da ke tantance likitocin wannan fanni, wadda aka kafa a 1937, ba ta ba da shaida sai likita ya yi aƙalla shekara 6 yana koyon tiyata, 3 daga ciki a wannan fanni, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta baka. Akwai wasu ƙungiyoyi masu suna makamancin nata da ba su cikin hukumomi 24 da uwar hukumomin ƙwararrun likitocin ƙasar ta amince da su. Ke nan kalmar "shaida" ba ta wadatar ba, sai an san wanda ya bayar.

A Nijeriya, hukumar MDCN ke yi wa likita rajista tare da sabunta masa lasisi duk shekara. Shaidar ƙwarewa kuwa tana fitowa ne daga Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Masu ita kan rubuta FMCS ko FWACS bayan sunansu. Sai dai haruffan na likitocin tiyata ne baki ɗaya, don haka a tambaya: a wane fanni? Wa zai yi allurar barci? Idan jini ya ɓalle, akwai ɗakin kulawa ta musamman?

Kada kuma a ɗauka fita waje ne mafita. Uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu ne a Sifen a 2005 bayan tiyatar kwalliya, kuma a 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci.

Mukan ji nauyin tambayar likita takardunsa, muna ganin raini ne. Amma ƙwararren gaskiya ba ya jin haushin tambaya, wanda ya harzuƙa shi ne abin gudu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.