Zaɓen Keken Farko: Wanne Ya Dace da Manomin Yola da Jimeta?

Tun daga watan Mayun 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri ya zama wani babban kaso na abin da ƙaramin manomi ke kashewa. Mai noman rani a bakin Tafkin Geriyo, wanda kullum sai ya kai alayyafo ko tumatir kasuwar Jimeta, yakan ga ribarsa tana ƙarewa a hannun mai Keke Napep. Wannan ne ya sa manoma da dama, har da malaman gona, suka sake waiwayar keken hawa. To, amma wanda bai taɓa mallakar keke ba, yana iya sayen wanda ya burge ido, alhali ba shi ne zai yi masa aiki ba.

Wanda ya fi jan hankalin matasa shi ne keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu, irin wanda ake kawowa gwanjo daga Turai. Ba shi da nauyi, domin da yawansu ba su wuce kilo 10 ko 11 ba, kuma a kan kwalta yana da gudu ƙwarai. Malamin gona da ke zirga-zirga tsakanin Jimeta da cikin garin Yola, ba ya ɗauke da komai sai jakar takardu, zai ji daɗinsa. Sai dai fa faɗin tayarsa bai cika wuce milimita 25 zuwa 28 ba. Da zarar an sauka daga kwalta an shiga rairayi, sai ta nutse, da damina kuma lakar bakin Kogin Binuwai ta riƙe ta. Ƙaya ma ba ta yi mata da sauƙi. Yawancinsu ba su da mazaunin kaya a baya, ba su ma da wurin ɗaura shi. Akwai kuma wata 'yar matsala da mai saye ba ya lura da ita sai ranar da ya yi faci: bakin tif ɗinsa siriri ne, ba kowane famfo ke kama shi ba.

Manomin da zai ɗora buhun taki mai kilo 50, ko kwandon kayan lambu, gara ya nemi keken ƙarfe irin na dā, mai taya inci 28, samfurin Raleigh ko Phoenix ko Hero. Gaskiya ne yana da nauyi, yakan kai wajen kilo 20, kuma giya ɗaya gare shi, don haka a hawan tudu sai an yi gumi. Amma kusan duk mai gyaran keke ya san shi ciki da bai, kayan gyaransa kuma ba su da wuyar samu. Tsakanin waɗannan biyu akwai keke mai kaurin taya inci 26, mai giya da yawa, wanda ya fi su iya rairayi. Idan za a saye shi, a tabbatar yana da wurin ɗaura mazaunin kaya.

Kowanne aka zaɓa, musamman idan na hannu ne, a tafi da mai gyara wanda aka amince da shi. A duba mahaɗun jikin keken da kyau, domin sabon fenti a wuri guda yakan ɓoye tsaguwa. A riƙe ɗan maganaɗisu: idan ya manne, ƙarfe ne, mai walda na unguwa zai iya gyara shi in ya karye. Idan bai manne ba, mai yiwuwa alminiyam ne, wanda waldarsa sai da na'ura ta musamman. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta, a ga ko tana layi. A matsa birki a tura keken gaba. A dubi haƙoran da sarƙa ke hawa. In sun yi tsini kamar ƙaya, to sun cinye, kuma kuɗin canza su yana jiran mai saye.

Girman keke ma abin lura ne, kuma a nan ne sababbin mahaya suka fi yin sakaci. Mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami ratar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da sandar sama. Sirdi kuwa a daidaita shi yadda in an ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa za ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa.

Kada a zuba dukan kuɗin da ke hannu a kan keken kansa. A rage na famfo, da kayan faci, da kwaɗo, da fitila ko abin ƙyalli saboda masu sammako, musamman masu tsallaka gadar Jimeta daga ɓangaren Girei. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola kan haura digiri 40, a riƙa ajiye keke a inuwa, domin tayar da aka cika da iska tana iya fashewa a rana. Wanda yake koyo kuma ya yi kamar mako biyu yana hawa babu kaya, kafin ya fara ɗora rabin buhu.