Cin Rani a Ikko: Nauyin da Ke Kan Matan Gida

Da zarar an kammala girbi, magidanta daga ƙauyukan Sakkwato, Katsina da Jigawa kan nufi birnin Ikko cin rani. Wasu su kama dako a kasuwar Mile 12, wasu gadi, wasu acaɓa. Abin da suke aikowa shi ne cefane da kuɗin magani.

Sai dai aiken ba shi da tsayayyar rana. Kafin ya iso, uwargida ce ke karɓar bashin hatsi wurin mai shago, ko ta sayar da akuyarta, ko ta kama suyar ƙosai. Da yake tana kulle, 'yarta ce mai ɗaukar talla, makaranta kuwa sai ranar da aka samu sarari.

Sa'ad da gwamnatin jihar Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, maganar baburan da aka ƙwace ce ta cika gari. Ba a cika tunawa da mai shagon ƙauye ba, wanda jarinsa ya maƙale a alkawarin "sai maigida ya aiko". Janye tallafin man fetur a 2023 kuma ya tsawwala kuɗin mota, har zuwa gida da Salla ya gagari wasu.